Baƙin Tsuntsu a Lambun Mama Ladi

Tun kuna ƙanana kuke jin labarin baƙin tsuntsu, amma daga bakin mahaifiyarku kuka ji shi. Ita kuwa Hannatu, Ubangiji ya ba ta hutawa, ba ta taɓa ba da labarin da zai rage mini daraja a gabanku ba. Takan tsallake wani wuri, ni kuma in yi shiru in bar ta. Yanzu idona ya fara dushewa, hannuna yana rawa in na daɗe riƙe da biro, waɗanda suka ga abin kuma duk sun tafi. Gara in rubuta muku shi yadda ya faru.

Shekarar da naira ta fito ne. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, tafiyar awa guda a keke daga Kafanchan in ka bi hanyar Zonkwa. Aurenmu bai cika shekara biyu ba, Allah bai ba mu ko ɗayanku ba tukuna, muna zaune a ɗaki biyu cikin gidan Baba Dogo. Shi ƙanen mahaifina ne. Tun ina ɗan shekara shida, da mahaifina ya rasu, shi ya riƙe ni, shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar mishan lokacin da sauran dattawa suke cewa boko ɓata yara take yi. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan aiki. Ya riga ya nuna mini fili a bayan rumbunansa inda zan gina nawa gidan, har na fara tara duwatsu ina jibgewa duk Asabar.

Damina ta yi gardama a shekarar. Acca ba ta yi kirki ba, rafin da ke gangaren gari ya janye da wuri ya bar laka mai faɗi a gefe da gefe. Bayan Kirsimeti sai ƙyanda ta shigo. Kafin a ankara an binne yara huɗu, cikinsu har da Rifkatu, jikar Baba Dogo, 'yar shekara uku, wadda take bin sa har gona tana riƙe da gefen rigarsa. Ni na haƙa kabarinta tare da 'yan'uwana. Daga ranar Baba ya daina zama a tsakar gida da yamma, sai a bakin ƙofa, yana kallon hanya.

A bakin rafin nan akwai lambun wata tsohuwa, Mama Ladi. Aure ne ya kawo ta garinmu daga can wajen Manchok tun tana yarinya. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, danginta kuma sun watse. Idonta ɗaya yana da hakiya, kuma takan yi magana ita kaɗai in tana ban ruwa. Ba ta da faɗa da kowa, amma ba ta da mai tsaya mata.

Matan da ke zuwa ɗiban ruwa su suka fara ganin tsuntsun. Suka ce wani baƙin tsuntsu ne kamar gawayi, ba a taɓa ganin irinsa ba, kullum yana kan lakar da ke ƙasan lambun Mama Ladi, in an kore shi ya tashi ya zagayo ya dawo nan. Wata ta ce ta gan shi ranar da ɗanta ya fara zazzaɓi. Wata ta ce in tsuntsun yana waje ba a ganin tsohuwar, in tsohuwar tana waje ba a ganin tsuntsun. Cikin mako guda magana ta zama ɗaya a bakin kowa, har da waɗanda suke zama a layin gaba a majami'a: Mama Ladi ce take rikiɗa tana cin yaran gari.

Ni kuwa ina da wani abu da babu mai shi a garin. Wani tsohon malaminmu na kwalejin horon malamai, da zai koma ƙasarsu, ya bar mini tabaran hangen nesa mai gilashi ɗaya a tsage, da wani littafin tsuntsaye da bangonsa ya cire. Ya lura ina son abin, don nakan bi shi daji ranar hutu. Gaskiyar magana, da na fara jin labarin ba tausayin tsohuwar ne ya kai ni rafi ba. Ɗoki ne. Na ce a raina wataƙila wani tsuntsu ne da babu shi a littafi, ni zan fara ganinsa.

Da sassafe kafin a buga ƙararrawar makaranta na je na tsuguna a bayan ciyawa. Ban daɗe ba ya fito. Ɗan ƙarami ne, bai kai kurciya ba, da siririn baki madaidaici da 'yan ƙafafu masu ɗan tsawo, yana tafiya da sauri a gefen ruwa yana tsintar abinci. Baƙi ne da gaske. Bayansa kamar gindin tukunya, cikinsa kuma, inda irin waɗannan tsuntsaye suke da fari tas, launin toka ne mai duhu. Na buɗe littafi na bi shafukan tsuntsayen bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, babu mai kama da shi. Tunanina na farko shi ne ko ya faɗa cikin baƙin mai ne a wani wurin gyaran inji ya ɓata jikinsa. Amma tsuntsun da ya sha mai gashinsa yakan cure, ya yi nauyi, ya kasa tashi sosai. Wannan gashinsa a kwance yake sumul, yana gyara shi da baki, yana tashi ba wahala. Washegari na koma da wani tunanin. A littafin akwai wani mai duhun baya, amma an ce in ya tashi za a ga fari fat a saman jelarsa. Na jefa ɗan dutse cikin ruwa, ya tashi, na bi shi da ido. Babu farin.

A rana ta uku Hannatu ta biyo ni da kwanon wanki a ka, ta ce tana so ta ga abin da yake hana ni shan kunu. Na miƙa mata tabaran. Ba ta iya riƙe shi ba, sai da na nuna mata ta rufe ido ɗaya. Ta ɗan jima tana kallo, sannan ta sauke.

"Malam, wannan ai ɗan-rawa ne."

"Ɗan-rawa cikinsa fari ne," na ce.

"Ka bar kallon launin. Dubi gindinsa."

Ɗan-rawa shi ne sunan da muke kiran wani ɗan tsuntsun bakin ruwa da ke zuwa mana da rani ya tafi kafin damina, saboda ba ya tsayawa cak, kullum gindinsa yana sama yana ƙasa. Duk yaron da ya taɓa zuwa rafi ya san shi. Na karɓi tabaran na duba, sai kunya ta kama ni. Kwana biyu ina kallon baƙin jiki, ban ga rawar ba. Da ya tashi na ga yana bin saman ruwa ƙasa-ƙasa, fikafikansa a ɗan sunkuye, ya kaɗa da sauri ya tsaya, ya sake kaɗawa, yana ɗan siririn kukan nan sau uku. Har farin layin da ke fiffiken ɗan-rawa yana nan, sai dai ya dushe kamar an shafa masa toka. Can gaba kaɗan ga wani ɗan-rawa mai launin da aka sani, girmansu ɗaya, tafiyarsu ɗaya. Na tuna malamin nan namu ya taɓa gaya mana cewa yadda ake haihuwar zabiya, haka nan wani lokaci ake samun dabba ko tsuntsun da baƙin jikinsa ya yi yawa. Ba ni da sauran shakka.

Ga wurin da mahaifiyarku take tsallakewa. Takan ce muku daga rafi na wuce wurin dattawa. Ba haka aka yi ba. Kwana tara na yi da abin a cikina ban fito na faɗa wa mutanen gari ba.

A ranar da na gane, muna cin tuwon rana, na ɗan taɓa maganar. Na ce na ga tsuntsun, kuma da alama ba wani abin tsoro ba ne. Baba Dogo ya ajiye lomar da ke hannunsa ya dube ni.

"Bitrus, kai ka sa Rifkatu a rami da hannunka. Na kai ka makaranta don ka koya wa yara karatu, ban kai ka don ka koya mini abin da ya cinye jikata ba."

Ban ƙara cewa komai ba. Na gaya wa kaina cewa maganar za ta mutu da kanta, ƙyandar ta fara lafawa, tsuntsun ma zai tafi. Na gaya wa kaina ba aikina ba ne, akwai fasto, akwai mai unguwa. Abin da ban gaya wa kaina ba shi ne ina tsoron fuskar Baba, kuma ina tunanin duwatsun da na tara a bayan rumbu. Hannatu ba ta yi mini gori ba. Kowace safiya in ta ajiye mini kunu sai ta ce, "Yau fa?" Ni kuma in ce, "Bari mu gani."

Cikin kwanakin nan mata suka daina amsa gaisuwar Mama Ladi. Ranar Lahadi ta zo sujada, ta zauna a benci, waɗanda ke kai suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bar ta ita kaɗai. Ina can gefen mawaƙa ina gani. Daga nan wasu samari suka shiga lambunta suka tuttuge duk abin da ke ciki, suka fasa tulunan ban ruwa. Sai aka sa rana, ranar Alhamis, za a kira ta gaban mai unguwa.

Ranar Talata bayan an tashi makaranta na gangara rafi, ban san ma me zan je yi ba. Na tarar da ita a durƙushe cikin lambun tana tsintar shukar da aka tuge, tana duba ko akwai mai sauran rai ta mayar cikin ƙasa. Na gaishe ta. Ta ɗago ta dube ni da idonta mai kyau, ta amsa da yarenmu.

"Malam, ni ka zo gani, ko ɗan'uwan nawa? Yana can ƙasa yana cin abincinsa."

Ta ci gaba da aikinta. Ba ta roƙe ni komai ba, kuma ina ganin da ta roƙa da abin ya fi mini sauƙi. Daga nan ban koma gida ba, na hau keke na nufi Kafanchan.

A kasuwar Kafanchan akwai wani mai sayar da busasshen kifi, Malam Sale, wanda kakanninsa suka daɗe a garin. Ya yi kamun kifi da farauta a ƙuruciyarsa, kuma mun saba, don nakan tambaye shi sunayen tsuntsaye da Hausa. Na kwashe labarin duka na gaya masa, har da shirun da na yi. Ya saurara yana jera kifinsa.

"Kama shi ba wuya," ya ce. "Amma Malam, ka san ba tsuntsun ne damuwarsu ba."

"Na sani."

"To, tun da ka sani, gobe da asuba ina nan tafe."

Ya zo da tarkon gashin jelar doki, siraran zarge masu yawa ɗaure a jikin igiya, ya shimfiɗa a kan lakar inda na nuna masa. Kafin rana ta yi zafi mun kama biyu, baƙin da wani mai launin da aka saba. Da na riƙe baƙin a tafin hannuna na ji zuciyarsa tana bugawa da sauri, nauyinsa bai fi na ƙwai ba. Wannan ɗan abin ne gari guda yake tsoro. Muka sa su a kwando muka rufe da zane, Hannatu ta sa musu ruwa a murfin kwano da 'yan tsutsotsi.

Ranar Alhamis aka taru a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar mai unguwa. Mama Ladi tana zaune a ƙasa a tsakiya, ta miƙe ƙafafu. Da aka gama jin shaidar mata uku, na tashi na nemi izini. Na fito da tsuntsayen, Malam Sale ya riƙe ɗaya na riƙe ɗaya, muka zagaya da su gaban dattawa. Na haɗa bakinsu, tsawo ɗaya. Na haɗa ƙafafunsu, na buɗe fikafikansu na nuna layin da ke jikin kowanne. Na ce wannan ɗan-rawa ne da kowa ya sani, baƙinsa ne kawai ya yi yawa, yadda kaza ɗaya take ƙyanƙyashe 'ya'ya a sami baƙi a cikinsu. Na ce an ce ba a ganin tsuntsun da tsohuwar tare, to ga tsuntsu a hannuna, ga Mama Ladi a zaune.

Na ga wasu tsofaffi suna gyaɗa kai, wani ma ya miƙo yatsa ya taɓa gashin. Sai wani daga baya ya ce ai ba jikinta ne yake rikiɗa ba, kurwarta ce take shiga tsuntsun. Magana ta sake tashi. Sai a lokacin Baba Dogo ya sa baki.

"Abu mai sauƙi ne. A murɗe wuyansa a gabanmu. In ta kwana bakwai lafiya, ni da kaina zan je in ba ta haƙuri."

Mutane da yawa suka ce haka ne. Ni kuma na dubi tsohuwar. Kwana da kwanaki ba ta ci abin kirki ba, tana tari, ga lambunta babu. In na kashe tsuntsun ta kwanta ciwo a makon nan, ko da mura ce, an gama da ita, kuma da hannuna. In ma ta kwana bakwai, na riga na yarda a gaban kowa cewa ransu a haɗe yake, gobe in wani yaro ya yi zazzaɓi za a nemo wani tsuntsun. Ban tsaya dogon tunani ba, don da na tsaya da tsoro ya dawo. Na ɗaga hannu na buɗe. Malam Sale ma ya saki nasa. Suka tashi tare, suka bi ta kan gonakin citta suka nufi rafi.

Baba Dogo ya miƙe a hankali ya kakkaɓe rigarsa.

"Ka zaɓa," ya ce, ya tafi.

Fasto ya yi magana a kan kada a yi shaidar ƙarya, ya yi addu'a. Mai unguwa ya yanke cewa kada wanda ya taɓa ta, amma don zaman lafiya ta koma wurin danginta. Kowa a wurin ya san ba ta da inda za ta. Ni ina tsaye da kwando babu komai a ciki, ban san abin da ya rage in yi ba. Hannatu ce ta fito daga cikin mata, ta ratsa fili, ta kama hannun tsohuwar.

"Mama, tashi mu je gida."

Sai dai gidan na Baba Dogo ne. Da muka isa mun tarar an fito mana da akwatinmu da tukwane an jera a ƙofa, a tsare, ba abin da aka fasa. Mako uku muka yi mu uku a ɗakin ajiyar makaranta, tsakanin fartanyoyi da tsofaffin alluna, kafin takardar canjin wurin aiki da na nema ta fito. Haka muka dawo Kafanchan. Shi ya sa aka haife ku a gidan haya kusa da layin dogo, shi ya sa kuma ba mu da ɗaki a ƙauye kamar 'yan'uwanku. Filin an ba wani, da duwatsuna aka yi masa tushe. Tsuntsun kuwa, an ce ya ƙara kamar wata guda a rafin, ya tafi tare da 'yan'uwansa kafin ruwan farko. Ba a sake ganinsa ba.

Kada ku riƙe Baba Dogo a zuciya. Mutum ne da aka ɗauke masa abin da ya fi so, yana neman inda zai ajiye zafin. Shekara goma sha ɗaya ina aika masa gaisuwa ba ya amsawa. Da ya kwanta ciwon ajali na je, aka bar ni na shiga. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tsuntsu ne, ko?" Na ce, "Tsuntsu ne, Baba." Ya rufe ido, ya bar hannunsa a cikin nawa. Iyakar abin da muka yi ke nan, kuma ya ishe ni.

Mama Ladi ta zauna da mu shekara goma sha huɗu. Ita ce kuka taso kuna kira Kaka, ta goya ku duka, kuma ba mu ga dalilin gaya muku cewa ba jini ne ya haɗa ku ba. Ko a labarin da mahaifiyarku take ba ku, ba ta taɓa cewa ita ce tsohuwar ba. Duk tsawon shekarun tana ce mini ɗanta, tana gaya wa matan zumuntar majami'a cewa ni na cece ta, ni kuma abin yana ci na. Wata rana da yamma, shekara guda kafin ta rasu, na dawo daga aiki na same ta a baranda tana ɓarar gyaɗa. Na zauna kusa da ita na ce akwai abin da ban taɓa gaya mata ba. Na ce na gane tsuntsun tun kafin a shiga lambunta, tun kafin a tashi a bar ta a benci, na yi shiru kwana tara saboda tsoro.

Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba.

"Na sani," ta ce. "Ranar da matarka ta gaya maka ina bayan shinge ina jin ku."

Da ƙyar na ce, "Mama, me ya sa ba ki taɓa yi mini maganar ba?"

"In ce me? Kowace safiya nakan ce yau yaron nan zai yi magana. In rana ta faɗi in ce to, gobe. Ka kuwa zo."

Ta busa ɓawon da ke tafin hannunta.

"Gautana ne kawai har yau yake mini zafi. Irin uwata ne, a bakin zane na ɗauro shi ranar da aka kawo ni aure. Shekara arba'in ina shuka shi ina ajiye iri. Da suka tuge bai nuna ba tukuna. Na nema a kasuwa, ban sake samun mai ɗacinsa ba."

Ta turo mini tiren da ƙafarta, ta ce in taya ta, hannunta ya gaji. Na jawo shi gabana, muka ci gaba da ɓara har Hannatu ta kira mu cin abinci.